Amsata tana cikin zaɓi amma ba ita ba ce: yadda ake karanta zanen da'ira a jarrabawa

"Assalamu alaikum Malam. Ina shirin sake zana jarrabawar JAMB, kuma lissafi yana cikin darussana. Tambayoyin fai-cat, wato da'irar nan da ake yayyankawa, su ne ke ba ni haushi. A ido ba su da wuya, kuma na haddace cewa ana rabawa da 360 a ninka. Amma sai in yi lissafina tsaf, in ga amsata a cikin zaɓi, in ɗauke ta, daga baya in duba bayan littafi in tarar ba ita ba ce. Wani lokacin kuma kafin in gama lokaci ya ƙure. A ina nake ɓata hanya?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'a. Abu biyu kika kawo: amsar da take fitowa a cikin zaɓi alhali ba ita ake nema ba, sai kuma ƙurewar lokaci. Na farkon ya fi nauyi, kuma idan aka gyara shi, rabin na biyun zai tafi da kansa.

Ki fara sanin yadda ake haɗa zaɓin nan huɗu. Wanda ya rubuta tambayar malami ne, ya san wuraren da ɗalibai suke zamewa. Bayan ya fitar da amsar gaskiya, sai ya bi kurakuran da aka saba yi ɗaya bayan ɗaya, ya lissafa abin da kowanne zai bayar, ya jera su a sauran gurabun. Saboda haka ganin amsarki a cikin A zuwa D ba ya tabbatar da komai. Abin da yake nunawa kawai shi ne, ko kin yi daidai, ko kin yi kuskuren da aka san za a yi. Cikin ɗaliban da nake koyarwa, waɗanda suka fi faɗawa wannan rami su ne masu hanzari a lissafi, domin hannunsu yana riga idonsu isa ƙarshen tambaya.

Abin da da'irar take faɗa da abin da ba ta faɗa

Zanen da'ira rabo yake nunawa, ba adadi ba. Tun asali haka aka ƙirƙiro shi. Wani mutumin Sukotlan, William Playfair, ya yi amfani da shi a shekarar 1801 don ya nuna yadda faɗin daular Usmaniyya ta Turkiyya ya rabu tsakanin Asiya da Turai da Afirka, wato wane yanki ne ya fi wane. Har yau aikinsa ke nan. Idan kika ga yanki ya cinye rabin da'ira, kin san rabi ne, amma rabin nawa? Da'irar ba za ta gaya miki ba. Sai an rubuta a gefe, ko an ɓoye shi a cikin tambaya.

Cikakkiyar da'ira ɗaya ana iya faɗinta ta hanya uku: digiri 360 ce, kashi 100 cikin 100 ce, kuma ita ce jimillar abin da ake magana a kai, ko buhu ne, ko naira, ko ɗalibai. Duk tambayar da za a yi miki, sauyawa ce daga ɗaya cikin ukun nan zuwa wata. Dokar da kika haddace gaskiya ce, amma hanya ɗaya kawai take bi, daga digiri zuwa adadi, kuma sai an ba ki jimilla take aiki. Da zarar an ƙi ba ki jimillar, ko an rubuta kaso cikin ɗari a maimakon digiri, sai dokar ta tsaya, ko kuma ta ba ki amsar ƙarya ba tare da kin lura ba. Na sha ganin ɗalibi ya ga 40% a jikin yanki ya raba shi da 360, don kawai hannunsa ya saba.

Shi ya sa nake hana ɗalibaina taɓa alƙalami sai sun amsa tambaya biyu a zuci. Lambobin da ke jikin zanen nan digiri ne, ko kaso ne, ko ainihin adadi? Kuma da'irar baki ɗayanta mene ne take wakilta, nawa ne shi?

Bari mu ɗauki misali mu zauna a kansa. A ce zane ya nuna amfanin gonar wani manomi: gero digiri 120, dawa 90, masara 72, wake 48, gyaɗa kuma an rubuta x. Aka ce masarar da ya samu buhu 36 ce. Ba a faɗi jimilla ba.

Gyaɗa dai ba ta da wahala. Ki haɗa 120 da 90 da 72 da 48, za ki samu 330, saura 30. Sai ki nemo darajar digiri ɗaya, wanda shi ne mabuɗin komai: idan digiri 72 ya tsaya a madadin buhu 36, to kowane digiri rabin buhu ne. Shi ke nan, zanen ya buɗe. Jimilla rabin 360 ce, buhu 180. Gero 60, dawa 45, wake 24, gyaɗa 15. Ba sai kin sake kafa wani dogon lissafi ga kowace tambaya ba, raba biyu kawai za ki riƙa yi.

Wani lokaci ba za a ba ki adadin yanki ɗaya ba, sai a ba ki bambanci. A ce dawa ta fi wake da buhu 21. Nan ɗalibi yakan rikice ya fara sa haruffa. Ba a buƙata. Tsakanin 90 da 48 akwai digiri 42, kuma su ne buhu 21 ɗin, ga rabin buhu ya sake fitowa. Haka ma idan aka tambaye ki gero ya fi wake da buhu nawa, kada ki lissafa gero daban, wake daban, sannan ki ɗebe. Ki ɗebe digirin tukuna, 120 ban da 48 ya zama 72, sai ki mayar da shi buhu sau ɗaya: 36.

Inda gizo ke saƙar

Yanzu ga wurin da nake zaton amsoshinki suke kaucewa. Ki dubi gero da dawa a zanen nan, 120 da 90. Bambancinsu digiri 30 ne. Daga wannan 30 ɗin kaɗai ana iya fitar da tambayoyi uku masu kama da juna, amsarsu kuma daban-daban.

Idan aka ce gero ya fi dawa da kashi nawa cikin ɗari, dawa ce ma'auni, don da ita ake gwadawa. Sai ki ɗora 30 a kan 90, ya ba ki kashi 33⅓. Idan aka juya aka ce dawa ta gaza gero da kashi nawa, ma'aunin ya koma gero, 30 a kan 120, kashi 25. Idan kuwa aka ce bambancin gero da dawa kashi nawa ne na dukkan amfanin gonar, sai a ɗora 30 a kan 360, kashi 8⅓. Ina tabbatar miki mai shirya tambaya zai jera 33⅓ da 25 da 8⅓ a cikin zaɓi, ya cike na huɗu da 30 domin wanda bai ma mayar da digiri kaso ba. Kowanne kika fitar za ki same shi yana jiranki. Lissafin ukun duk daidai ne, ɗaya ne kawai ya amsa abin da aka tambaya.

Maganin wannan shi ne, duk inda kika ga ana neman kaso ko rabo, ki tambayi kanki: kason me? Abin da ya amsa wannan shi ne zai zauna a ƙasan layi, wato shi ne lambar da za ki raba da ita. A tambayar "ya fi wane" ko "ya gaza wane", wanen nan shi ne a ƙasa. Tun da tambayoyin da Turanci suke zuwa, ina sa ɗalibai su maimaita tambayar da Hausa a ransu kafin su fara. Wanda ya kasa faɗin tambayar da harshensa bai gane ta ba tukuna, ko da kuwa ya san ma'anar kowace kalma.

Akwai kuma tambayar da take canza jimillar a tsakiyar hanya. A ce manomin ya ajiye geronsa duka don ci, ya kai sauran kasuwa, wake kashi nawa ne na abin da ya kai kasuwa? Da'irar ba 360 ba ce yanzu, an cire 120, saura 240. Wake 48 a kan 240, ɗaya bisa biyar ke nan, kashi 20. Wanda ya raba da 360 zai samu 13⅓, kuma zai gan shi a zaɓi. Kalmomi irin su "sauran", "ban da", "daga cikin waɗanda" duk alama ce cewa ƙasan layi ya sauya.

Irin tambayar da JAMB take so kuma ita ce mai haruffa. A ba ki yankuna huɗu: x + 20, da 2x, da 3x − 10, da 110. Ki haɗa su, za ki samu 6x + 120, wanda dole ya yi daidai da 360, don haka x ya zama 40. Nan ne murna take sa ɗalibi ya danna 40 ya wuce, alhali an tambayi girman yankin 2x ne, wato 80. Bayan kin samo x, ki koma ki sake karanta layin ƙarshe na tambayar. Sannan ki lura da abin da aka zana ba a rubuta ba. Ɗan ƙaramin akwati a tsakiyar da'ira yana nufin digiri 90. Layin da ya ratsa da'ira daga baki zuwa baki ta tsakiya yana nufin kowane ɓari 180 ne. Sau da yawa ɗaliba takan ce bayani bai cika ba, alhali ga shi nan a zane.

Idan da'ira ta zama biyu

Wannan ya fi fitowa a jarrabawar tantancewa ta jami'o'i da ta neman aiki, inda akan ba da zane ɗaya ko biyu a rataya masa tambayoyi da yawa. Kwatan babbar kankana ya iya fin rabin ƙarama, to haka da'ira biyu suke, sai dai a takarda girmansu ɗaya ake zana su. A ce makaranta ta farko tana da ɗalibai 1,200, kashi 25 suna ajin kimiyya, ta biyu tana da 400, kashi 45 suna kimiyya. Ido zai ce ta biyu ta fi yawan 'yan kimiyya. Amma ta farko 300 gare ta, ta biyu 180. Idan kuma aka ce a haɗa makarantun biyu, 'yan kimiyya kashi nawa ne, kada ki haɗa 25 da 45 ki raba biyu ki ce 35. Ki koma ga mutane: 480 cikin 1,600, kashi 30 ke nan. Ba a ɗaukar matsakaicin kaso biyu kai tsaye sai jimillarsu ɗaya ce.

Haka batun shekara biyu. Magidanci ya kashe naira miliyan 2 a bara, kashi 40 a abinci. Bana ya kashe miliyan 3, kashi 30 a abinci. Yankin abinci ya ƙanƙance a zane, amma kuɗin ya tashi daga 800,000 zuwa 900,000, ƙarin kashi 12½. Idan kuwa ba a faɗi jimillar kowace shekara ba aka ce wace shekara ya fi kashewa a abinci, amsar gaskiya ita ce ba za a iya sani ba, kuma a jarrabawar neman aiki wannan yakan zo a matsayin zaɓi. Ɗalibai suna tsoron ɗaukarsa, gani suke kamar kasawa ce. Wani lokaci shi ne amsa.

Akan kuma haɗa da'ira da ɗan jadawali. Ma'aikata 2,400, wani sashe yana da kashi 15, jadawali kuma ya ce maza da mata a sashen 5 ne da 4. Mataki biyu ne: kashi 15 na 2,400 shi ne 360, a raba gida 9 kowane gida 40, maza 200, mata 160.

Batun lokaci

A JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, wato idan aka raba daidai kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu. Akwai kalkuleta a jikin allon kwamfutar, amma dannata da linzami yana cin lokaci fiye da yadda ake zato, ga shi kuma kuskuren lamba ɗaya ya isa ya ɓata komai. Ni ina ganin a tambayar da'ira da wuya ki buƙace ta, domin masu shirya tambaya suna zaɓen lambobin da suke rabuwa lafiya.

Abin da za ki riƙe a ka bai da yawa. Kashi 1 daidai yake da digiri 3.6, don haka kashi 10 digiri 36 ne, kashi 5 kuma 18. Daga waɗannan biyun sauran suke fitowa: kashi 15 shi ne 54, kashi 20 shi ne 72, kashi 30 shi ne 108, kashi 40 shi ne 144. Sai kuma rabe-raben da aka saba: 180 rabi, 120 sulusi, 90 rubu'i, 60 sudusi, 45 sumuni, 40 ɗaya bisa tara, 30 ɗaya bisa goma sha biyu. Wanda ya yi karatun rabon gado a islamiyya ya riga ya san yawancin sunayen nan, lambar digiri kawai zai liƙa musu. Idan kika ga 72 kika ce ɗaya bisa biyar nan take, to an ce miki jimilla 4,500, kin riga kin san 900 ne kafin na kusa da ke ya gama buɗe kalkuleta.

Ki riƙa rage lambobi kafin ki ninka. 54 a kan 360 a ninka da 2,000, idan kika fara ninka 54 da 2,000 kin jawo wa kanki dogon rabawa. Ki gane 54 kashi 15 ne, amsar 300.

Sannan ki yi amfani da ido, amma a ƙarshe. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Yankin da bai kai rubu'i ba ba zai ba ki amsar da ta wuce rubu'in jimilla ba, idan kika ga haka akwai inda kika zame. Sai dai kada ki auna zanen ki ce daga nan za ki ciro amsa. Zanen takardar jarrabawa sau da yawa ba a yi shi bisa ainihin awo ba, yankin da aka rubuta wa 50 zai iya fitowa kamar 70. Abin da aka rubuta shi ne hujja.

Tambayoyi biyu da suke zuwa a sauƙaƙe, kada ki bari su wuce ki: idan aka tambayi abin da ya fi maimaituwa, yankin da ya fi girma ne. Idan aka ce an ɗauki ɗaya ba tare da zaɓe ba, mene ne yiwuwar ya fito daga yanki kaza, digirin yankin ne a kan 360. A gonar nan, yiwuwar buhun da aka ɗauka ya zama gero 120 a kan 360 ne, sulusi.

Idan za a sa ki zana da kanki

Ba ki tambayi wannan ba, amma masu WAEC da NECO za su karanta, kuma a takardar rubutu akan ce a zana. Abin da na fi gani yana cinye maki shi ne tsallake jadawali. A fara jera kowane abu da adadinsa da digirinsa, a nuna yadda aka samo, domin ana ba da maki a kan hanyar lissafi daban da na amsa. A raba 360 da jimilla a samu rabon mutum ɗaya: idan ɗalibai 40 ne kowa digiri 9, idan 72 ne kowa 5. A haɗa digirin a tabbatar sun cika 360 kafin a ɗauki kamfas. Idan jimillar ba ta rabuwa lafiya, kamar 70, bayan an daidaita lambobi haɗin zai iya zuwa 359 ko 361, wannan ba abin tayar da hankali ba ne, a gyara digiri ɗayan a yanki mafi girma.

Ma'aunin kusurwa da ke cikin akwatin lissafi yana da jerin lambobi biyu, na ciki da na waje, ɗaya yana hawa ɗaya yana sauka. Yaro yana son 50 sai ya karanta ɗaya jerin ya zana 130, daga nan duk sauran yankunan sun rikice. A kwantar da sifili a kan layin da aka tsaya, a ƙirga daga wannan sifilin. A yi da'irar da ɗan girma, da fensir mai tsini, a rubuta wa kowane yanki suna da digirinsa.

Iyakar abin da wannan zai yi miki

Duk dabarun nan sun dogara ne a kan rabe-rabe da kaso cikin ɗari. Idan rage 48 a kan 240 zuwa ɗaya bisa biyar yana ɗaukar ki lokaci, to ki ajiye da'ira tukuna, ki koma kan wannan na mako ɗaya ko biyu, babu kunya a ciki. Kuma ban ga takardar aikinki ba, hasashe na yi daga bayaninki cewa ma'aunin gwadawa ne yake kauce miki. Za ki iya tabbatarwa da kanki: ki tattaro tsofaffin tambayoyin da kika faɗi, a gaban kowace ki rubuta dalili, ko karatun tambaya ne, ko haɗa digiri da kaso, ko tsayawa a x, ko kuskuren ninkawa. Yawanci dalili ɗaya ne zai yi ta maimaituwa, shi za ki bi. Wani lokaci ma amsar bayan littafin ce ba daidai ba, domin littattafan tsofaffin tambayoyi da ake sayarwa a kasuwa ba su rasa kuskuren bugu, don haka idan kin yi tambaya sau biyu ta hanyoyi daban-daban kin samu abu ɗaya, ki kai wa malaminki ya duba kafin ki yanke wa kanki hukunci.

Zanen da'ira ɗan ƙaramin yanki ne na manhajar lissafi, kada ya cinye miki lokacin aljabara da sauransu. Tambaya biyar a rana na mako biyu, da agogo a gabanki, ta wadatar. Idan kuma daga baya za ki zauna wata jarrabawar tantancewa, ki karanta ƙa'idarta tun da wuri, domin wasu suna barin kalkuleta wasu kuma suna hanawa.